Falankin Rama da Ya Karye a Ƙarƙashina

Shekarun baya, can lokacin da Jihar Sakkwato take sabuwa fil, kuɗin fetur kuma ya sa gwamnati tana neman waɗanda za ta tura karatu waje kamar mai neman 'yan ƙwadago ranar girbi, ni da wani abokina muka samu gurbin karatu a Ingila. Shi ya tafi, ni na zauna a Tambuwal. Wani daga cikinku ne ya tono mini zancen, da ya tambaye ni mene ne wannan guntun abu mai gashi-gashi a baki da yake gani a kan teburina cikin hotuna. To, ku gyara zama.

Abokin nan nawa mutumin Fakku ne, can ƙasar Kebbe. Mahaifinsa manomi ne, ya kawo shi gidanmu tun muna yara don ya yi boko da safe, ya ɗauki karatu wurin mahaifina da yamma. Ɗaki ɗaya muka kwana, akushi ɗaya muka ci. A aji kuwa, ba yabon kai ba, in aka zo lissafi ni ne a gaba, shi yana biye. Ku riƙe wannan, don ni ma na riƙe shi shekara da shekaru kamar takardar gona.

Mahaifina malami ne mai karantar da manyan littattafai a zaurensa bayan la'asar, ni kuma ɗansa ne na fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya zama su yi hira ido da ido. Kunya ce, kuma a ganinsu ita ce martaba. Sunana a bakin Malam shi ne "wancan". Ko da maganar tafiya Ingila ta taso, bai kira ni ba. Mahaifiyata ya tura, ita ma da take jin tata kunyar, ta tsaya tana kallon bango ta ce, "Malam ya ce a faɗa ma, zaurenga ba shi da mai riƙo in ba kai ba." Shi ke nan. Na ce to. Na yi karatun malanta a gida, na kama koyar da lissafi a wata sakandare, da yamma ina zama gefen zaure ina biya wa na baya karatu. Daga ranar ba wanda ya sake tayar da zancen, ni ma na rufe shi na hau kai na zauna.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ban taɓa yarda na ji haushin mahaifina ba, saboda haka duk haushin ya tattara ya koma kan abokin nawa, bawan Allah da bai yi mini komai ba.

Wata damina ya dawo dogon hutu. Na shirya tsaf don in tsane shi. Na ƙaddara zai sauko da kwat da ƙaramin wando, yana magana ta hanci yana tambayar ina ruwan sanyi. Sai ga shi da tsohuwar jamfarsa, ya rungume ni, ya zauna ya tashi da tuwon dawa miyar kuka har da neman ƙari. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don mutum yana bukatar dalili kafin ya yi ƙiyayya cikin kwanciyar hankali. Tsarabar da ya kawo mini ma kalkuleta ce. Ni, da nake gyara masa lissafi. Na yi godiya da yaƙe, na jefa ta ƙasan akwati.

Da la'asar muka shiga gaida Malam. Malam yana da buzun da ba mai taka shi, ko ƙannensa a tabarma suke zama. Ina kallo ya matsa gefe, ya dafa buzun ya ce wa abokina ya zauna nan. Ya kira sunansa ɓaro-ɓaro, har da na ubansa. Ni ina bakin ƙofa inda na saba, kusa da takalma.

"To, mi kaka karantawa can?" in ji Malam.

Abokina ya buɗe jaka ya fito da wani ɗan falanki, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, kaurinsa kamar murfin babban littafi, launinsa kamar ƙasa-ƙasa. Ya miƙa da hannu biyu. Malam ya karɓa da shirin ɗaukar abu mai nauyi, sai hannunsa ya yi sama.

"Awa sakaina," in ji Malam. "Icce na ko ƙarfe?"

"Ba ko guda, Malam. Abu uku na anka haɗa. Akwai roba, irin wadda in ta ji wuta ta kan narke, in ta huce ta daskare. Akwai zaren gilashi, siriri awa gashi. Na ukkun ko, ramar gonarmu ta, wadda Baba ka tufka igiya da ita."

Ɗaliban zauren suka yi dariya, ni ma na taya su, har na fi su. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ci gaba da bayani cewa jirgin sama ba abin da yake gaba da shi kamar nauyi, don duk abin da aka ɗora masa sai ya sha mai kafin ya ɗaga shi. Saboda haka masu ƙera shi kullum suna neman abin da zai yi ƙarfi ba tare da nauyi ba, ko da na bangon ciki ne da ma'ajiyar kayan da ke saman kan fasinja. Zaren gilashi yana da ƙarfi amma yana da nauyi. Rama ba ta da nauyi amma ita kaɗai ba za ta iya ba. Aikinsa shi ne ya jera su hawa-hawa cikin robar, ya danne da zafi, sannan ya gwada ya gani: in an ja yaya, in an lanƙwasa yaya, in an doka yaya.

Malam ya juya falankin, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kai shi kusa da ido. Sannan ya ce, "Allah shi yi ma albarka. Wanga ilimi na."

Na shekara nawa ina biya karatu a zauren nan ban taɓa jin rabin wannan ba. Ni ɗan malam ne, na san babin hassada da hukuncinta, na ma karantar da shi. Saboda haka ban kira tawa hassada ba. Na sa mata suna "nazari". Nazarin nawa kuwa kullum a wuri ɗaya yake ƙarewa: da ni na tafi, da falankina ya fi wannan.

Kafin mu fita, abokina ya nemi izini ya jingine falankin a bayan zaure, daidai inda ruwan indararo yake fantsama, ya ce a bar shi nan har ƙarshen hutu. Na ɗauka sakaci ne, na kuwa ji daɗi. Abin da ban yi tsammani ba shi ne Malam zai ɗauki abin da muhimmanci. Kullum ya dawo daga masallaci da safe sai ya ratse ya duba shi, ya hana awaki zuwa wurin. Jama'a, na yi kishi da mutum, na kuma yi kishi da falanki.

A cikin hutun ne ya roƙe ni in kai shi Fakku a babur ɗina, zai ɗebi sabuwar rama ya koma da ita. Wanda ya san hanyar Kebbe da damina a wancan zamani ya san ba tafiya ba ce, kokawa ce. Wani wurin mu hau babur, wani wurin babur ya hau mu. Muka isa kamar waɗanda aka tono. Washegari ya tuɓe riga ya shiga tafki inda aka jiƙa damman rama har ɓawon ya saki, yana saɓe zaren yana wankewa, wari kuwa ba a magana. Ya bi yana zaɓe, wannan ta tsufa da yawa, wannan ba ta jiƙu ba. Ya ce dole ta bushe ƙayau, don in da sauran danshi aka zuba mata roba mai zafi, sai ta yi kumfa a ciki, falankin ya zama fanko.

Tsofaffin garin suna zaune a inuwa suna kallonsa. Ɗaya ya ce, "Yanzu gwamnati ta ɗauki ɗanga ta kai shi bayan teku, shi komo shina wankin rama? Da an bar mana shi nan, ai da mun koya mishi kyauta." Maganar nan ta yi mini daɗi kamar an sa mini zuma a kunne. Na haddace ta, na kawo ta Tambuwal, na raba wa malaman makarantarmu, kowa ya samu. Da ta koma kunnen abokina, dariya ya yi ya ce ai tsohon ya yi gaskiya. Mutumin nan ya ƙi ba ni ko ƙofar da zan shiga in yi faɗa da shi.

Ana saura kwanaki kaɗan ya koma, ya ce in raka shi kasuwa. Muna zuwa ya ja ni wurin masu sayen auduga, ya roƙe su in hau sikelinsu. Na ce me ya yi zafi? Ya ce yana so ya san nauyina daidai, don yau ni zan taka falankin a gaban Malam a ga abin da zai yi. Aka auna ni kamar buhu, mutane suna dariya, mai sikeli yana cewa albashin gwamnati ya karɓe ni. Ya sa aka auna bulo ɗaya na siminti shi ma, irin waɗanda aka jibge ƙofar gidanmu za a sake ginin zaure. Ni kuwa a raina na ce, wato bai ishe shi a zaunar da shi kan buzu ba, sai ya mai da ni abin gwada bajintarsa. Amma wani tunani ya biyo baya, mai sanyi. Falankin nan ya sha ruwan damina har ya gode Allah. Ni kuma ga abin da sikeli ya ce. Ranar na ci tuwon rana da kyau.

Bayan la'asar aka share tsakiyar zaure. Ya ajiye bulo biyu da tazara, ya gitta falankin a kai kamar gada. Malam yana kan buzunsa, ɗalibai sun yi da'ira. Na tuɓe takalmi, na yi bisimilla a fili, abin da na roƙa a ɓoye kuwa Allah ya yafe mini. Na ɗora ƙafa ɗaya, na ɗora ta biyu.

Ya ɗan lotsa, ya tsaya. Abin banza, siriri kamar murfin littafi, ya ɗauke ni ɗungurungum. Zaure ya ɗauki salati. Na saci kallon Malam na ga yana murmushi, ba ni yake wa ba.

"Ku miƙa mishi bulo," in ji abokina. Ya riga ya durƙusa, kuncinsa kusan a ƙasa, kunnensa dab da falankin.

Aka miƙo mini bulo na rungume. Shiru. Aka ɗora wani a kai. Gumi yana bin bayana, amma na ce ko duk bulon Tambuwal za a kawo sai na ga bayan abin nan. Da aka ƙara wani, sai na ji wata 'yar ƙara ƙarƙashin tafin ƙafata, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Sai wata. Sai suka riƙa zuwa a jere. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin kiɗan da ya kai wannan daɗi ba.

Na jira in ji ya ɓalle gaba ɗaya in faɗi, a yi dariya, a tashi. Bai yi haka ba. A hankali ya riƙa sunkuyawa yana ƙara, yana sunkuyawa, har ya sauke ni ƙasa a tsaye da bulona a hannu, kamar raƙumi ya durƙusa don mai shi ya sauka. Ya karye a tsakiya, amma ɓari biyun ba su rabu ba, wasu fararen zaruruwa suna riƙe da su.

Na ajiye bulo, na haɗa fuskar jaje, na juya don in ce masa sai haƙuri. Sai na tarar da bakinsa har kunne. Ya ɗauki karyayyen abin yana shafawa kamar an yi masa haihuwa.

"Alhamdu lillahi. Kun ji shi? Kun ji yadda yay yi ta faɗi kafin shi tafi?"

"Ai ya karye," na ce, ko bai lura ba.

"To dama don shi karye nib bar shi cikin ruwa. Kowane na yi, ƙarshenai ke nan, can ma inji muka sa wa shi karya su. Ba a sanin abu sai an ga karyewatai. Tsorona damina ta ɓata shi, shi ɓalle lokaci guda ba sallama. Abin da ka ɓallewa hakanan ba a sa shi jirgi." Ya dafa kafaɗata. "Na gode, wallahi. Ba ni samun wanda za ya tsaya da bulo hakanga in ba kai ba."

Murna ta koma ciki. Wata guda ina addu'ar abu ya karye, ashe mai shi ma addu'ar da yake yi ke nan. Na koma wurina kusa da takalma na zauna, hannuwana duk sun kuje.

Malam ya miƙa hannu aka ba shi falankin. Ya daɗe yana duban wurin karayar. Abokina ya matsa yana nuna masa: wannan mai duhun ita ce rama, ita ta fara tsinkewa, ita ce mai ƙarar da aka ji. Waɗannan farare kuma gilashin ne, su suka riƙe har ƙarshe.

"Shi wanga da bai yi ƙara ba," in ji Malam, "ba ya jin nauyin na?"

"Shina ji, Malam. Shi ma ya fi ɗauka. Halinai na, ba ya faɗi."

Na ɗauka zancen ya ƙare. Ɗalibai sun fara jawo littattafansu. Sai ya yi magana, idonsa a kan falankin, muryarsa kamar mai karanta sharhin gefen littafi.

"Gurbi biyu anka ba gidanga waccan shekara. Kai kat tafi. Wancan, ni nir riƙe shi, don ban da wanda za ni bar ma zaurenga. Ya fi ka lissafi, kai ma ka sani."

"Na sani, Malam," in ji abokina.

"Ko sau guda bai yi min ƙara ba. Ni ko, duk randa jirgi yaw wuce bisa, sai in rasa layin da nika karantawa."

Bai dube ni ba. Bai kira sunana ba. Ya mayar wa abokina falankin ya ce, "In ka ɗauki abin da kaka so, ba wancan saura shi aje." Sannan ya buɗe littafi ya ce a ci gaba daga inda aka tsaya jiya. Ni ne mai jan baƙi ranar. Na duba layin, idona ya cika da ƙwalla, sai na ce ƙurar siminti ce ta shige mini ido, na fita waje. Duk zauren suka yi mini kara, ba wanda ya ce ai ba a buɗe buhun siminti ba.

Abokina ya yanke ɓari ɗaya ya tafi da shi don ya duba a madubin ƙara girma, ɗayan kuma shi ne wanda kuke gani a kan teburina.

Zan so in ce muku daga ranar kishin ya mutu, amma ƙarya ba kyau ga mai furfura. Ya dai rage zafi, na kuma gane inda yake yi mini ciwo. Ni duk zatona Ingila nake wa kuka, ashe abin da nake nema bai wuce faɗin tafin hannu a kan buzu ba, da in san cewa tsohon nan ya san abin da ya karɓa daga hannuna. Ya sani tun ranar farko. Al'ada ce ta ɗaure masa baki, sai da ya samu karyayyen falanki da baƙon kunne sannan ya iya faɗa. Batun cewa ban taɓa yin ƙara ba kuwa, Allah ya jiƙan Malam, bai tambayi matata ba ne.

Ni da abokina muna nan tare, mun tsufa. In ya zo Fakku sai ya biyo ta Tambuwal ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ya sha gaya mini cewa hanyar da abu yake bi kafin a yarda ya shiga jirgi doguwa ce, sai an gwada shi da wuta, da sanyi, da shekaru. Ko ramar tasu ta kai ga shiga, ban sani ba. Ban kuma taɓa tambaya ba, kada amsar ta zama e.

Yanzu ni ke zaune a kan buzun. Wani lokaci muna tsakiyar karatu sai jirgi ya ratsa can sama, ƙararsa ta cika zaure, in tsaya da yatsa a kan takarda in rasa inda nake. Ɗalibaina da suka san labarin suna ɗauka Ingila nake tunawa. Ba ita ba ce. Wanda ya riga ni rasa layi a wurin nan nake tunawa.